Ranar Da Harmen Ya Yi Dariya

Tun ƙarfe goma na safe Hiske Postma take tsaye a kan tukunyar shinkafa, tana juya ta da ludayi kamar mai dama kunu. Ta ƙara ruwa, ta ɗanɗana, ta sake ƙara ruwa.

"Mem, laifin me shinkafar nan ta yi miki?" in ji ɗanta Jelle, yana cire takalman katako a bakin ƙofar kicin. Daga wajen shanu ya fito.

"Kar ka dame ni! Mace ta taso tun daga Taiwan don ta ga gidan da 'yarta za ta zauna, kana so in ba ta burodi da cuku?"

"Ai shi muke ci kullum."

"Yau ba kullum ba ce. Je ka yi wanka, kana warin turke!"

Jelle ya wuce yana dariya, amma ni da na san shi tun yana rarrafe, na san dariyar ta fargaba ce. Gidana yana kallon nasu, hanya ce kawai ta raba mu. Ina nan Hiske da mijinta Harmen suka ɗauko shi riƙo daga Taiwan yana ɗan wata bakwai, bayan sun shekara goma sha ɗaya babu haihuwa. A ƙauyenmu na Friesland, a ƙasar Holland, ya tashi, ya koyi tatsa kafin ya koyi karatu. Yanzu shekarunsa ashirin da tara, Harmen ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar masa shanu saba'in. Amma har yau in ya shiga birni sai wani ya dafa shi ya ce, "Kai, amma ka iya yarenmu!" Shi kuma ya ce, "Kai ma kana ƙoƙari."

Yarinyar kuwa Pei-shan ce, likitar dabbobi. 'Yar Taiwan ce da ta zo karatu ta samu aiki a yankinmu. Ranar da ta fara zuwa duba wata saniya mai naƙuda, tana ganin Jelle sai fuskarta ta washe, ta zuba masa yarensu kamar ruwan sama. Jelle ya waiwaya bayansa ya ga ko akwai wani.

"Da wa kike?" ya tambaye ta.

"Au! Ba ka ji?"

"Saniyar ma ba ta ji ba, Likita."

Daga nan shanun Jelle suka fara ciwon da babu likitan da ya taɓa jin irinsa. Yau wannan ta yi masa kallon da bai gane ba, gobe waccan ta yi atishawa. Shekara biyu ana haka, har maganar aure ta taso.

Da ƙarfe sha biyu motar Pei-shan ta tsaya. Mahaifiyarta, Madam Hong, ta fito: gajeruwa, mai kuzari, muryarta irin ta wadda ta shekara talatin tana sayar da taliya a kasuwar Tainan. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da taliyar nan ta yi rainon 'yarta tilo. Tana ɗora ido a kan Jelle ta tafa hannu.

"Kai! Ashe namu ne! Pei-shan, me ya sa kika ce min Bature ne?"

Ta kama kumatunsa tana ta zuba. Jelle ya yi gyaran murya. Wata guda ya yi yana haddace gaisuwa ɗaya tak. Ya ce, "Ayi," wato goggo, sannan ya sako sauran.

Madam Hong ta saki kumatun. Ta dubi 'yarta. "Me ya sa yake tambayata kuɗin agwagwa?"

"Mama, cewa ya yi kin sha hanya."

Aka zauna cin abinci, Pei-shan a tsakiya tana tafinta. Madam Hong ta ɗebi shinkafar, cokalin ya ƙi rabuwa da ita.

"Wannan ci ake yi, ko takarda ake liƙawa da ita a bango?"

"Me ta ce?" in ji Hiske.

"Ta ce shinkafar ta yi laushi sosai."

"Allah sarki! Ki ce mata rigarta ta yi ja da yawa, kamar motar kashe gobara."

Hiske ba ta nufin komai, haka muke a nan, abin da ido ya gani baki yake faɗa. Pei-shan ta juya ga mahaifiyarta. "Mama, ta ce rigarki tana haska ɗaki."

Da aka kawo naman kaza, Hiske ta miƙa wa baƙuwa faranti. Madam Hong ta kaɗa hannu. "A'a, a'a, na ƙoshi." A garinsu haka ake yi, sai an roƙe ka sau uku kana noƙewa sannan ka karɓa. Hiske kuwa ta ce "To," ta ɗauke farantin ta sa a firij. Madam Hong ta bi kazar da ido har ƙofar firij ta rufe.

"Pei-shan, yunwa za su kashe ki da ita a gidan nan."

"Me ta ce?"

"Ta ce... firij ɗinki yana da kyau."

Da aka kawo kofi, Madam Hong ta gyara zama ta ce, "To, yanzu maganar da ta kawo ni. Tambaye su sunan zuri'ar yaron."

"Postma ne, Mama."

"Ba wannan ba. Sunan da aka haife shi da shi."

"Mama, don Allah ba yau ba. Ba ya son maganar."

Madam Hong ta ƙura mata ido. "Ke, tun ɗazu nake lura da ke. Ina faɗar magana mai tsawo kina mayar da ita guntuwa." Ta zaro wayarta, ta yi magana a ciki, ta ɗora a tebur. Wata murya marar kunya ta fito da yarenmu tiryan-tiryan: "Mene ne sunan zuri'ar yaron? Kuma a dawo da kazar."

Jelle ya kwashe da dariya, ya tashi ya ɗauko kazar. Amma Hiske ba ta yi dariya ba. Fuskarta ta yi fari kamar madara.

Gaskiyar magana, Jelle bai san sunan ba. Yana ɗan shekara goma wasu yara suka tare shi a makaranta suna jan gefen idanunsu suna kwaikwayon nasa, ya dawo gida yana kuka ya ce kada wanda ya ƙara yi masa maganar Taiwan. Hiske ta riƙe wannan magana da hannu biyu, ta kulle ambulan ɗin takardunsa a kabad, shi ma bai ƙara tambaya ba.

"Mem, ɗauko mata kawai," in ji shi. "Takarda ce, ba ta cizo."

Hiske ta hau sama da ƙyar, ta sauko da ƙyar. Tana miƙa ambulan ɗin, sai wata 'yar shuɗiyar wasiƙa ta zamo ta faɗi a tebur.

"Wannan fa?" in ji Jelle. "Ban taɓa ganinta ba."

Kafin kowa ya motsa Madam Hong ta ɗauka, ta sa tabarau, ta fara karantawa da ƙarfi. Pei-shan tana fassarawa, wannan karon ba ta rage ko kalma ba.

Daga mahaifiyarsa ce. Ta aiko ta hannun ofishin da ya shirya riƙon, shekarar da ya cika sha takwas. Ta ce tana da shekara sha bakwai ta haife shi, tana aiki a kamfanin takalma, ba miji, ba ɗakin kanta. Ta ce ba ta neman komai, ba ta da bakin neman komai. Hoto ɗaya kawai take roƙo, da amsar tambaya ɗaya: yana cin abinci sosai?

Madam Hong tana karantawa hawaye na sauka a kan jar rigarta. "Wayyo, baiwar Allah! Wayyo yarinya!" Har ta kai ƙasan takardar, inda aka sa hannu. Sai kukan ya tsaya cak, kamar an kashe famfo.

"Kuo?" ta ce. Ta goge tabarau ta sake dubawa. "Kuo Su-lan! Shi ma Kuo aka rubuta masa!"

Pei-shan ta dafe kai. Sunan zuri'arta ke nan, na wajen mahaifinta.

"Babu aure!" in ji Madam Hong, ta miƙe tsaye. "Kuo ba ya auren Kuo! Kakanku ɗaya!"

"Haba Mama! Masu sunan Kuo a Taiwan sun fi shanun ƙasar nan yawa! Ko doka ba ta hana ba!"

"Doka ce za ta je gaban kabarin ubanki ta yi masa bayani? Ko ni? 'Yan'uwansa su ce don ya mutu na aurar da 'yarsa ga ɗan'uwanta?"

"Mama, wannan tunanin zamanin da ne!"

"To ni ma ta zamanin da ce!"

Jelle bai ma ji su ba. Wasiƙar ce a hannunsa, yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. Ya ɗago ya dubi Hiske.

"Shekara goma sha ɗaya, Mem."

"Jelle..."

"Shekara goma sha ɗaya tana jiran hoto ɗaya."

"Kai ka ce ba ka son maganar."

"Ina ɗan shekara goma na faɗa! A shekarar na kuma ce zan auri saniyarmu Bles, me ya sa ba ki riƙe wannan ba?"

Hiske ta fashe da kuka. "Tsoro na ji! Na ce in ka ga mai fuska irin taka za ka tafi. Ni me nake da shi? Ko hancinmu bai yi kama ba!"

Jelle ya ajiye wasiƙar a hankali. Da Pei-shan ta faɗa masa hukuncin mahaifiyarta, sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Madalla. Mutanen nan sun ce na yi nisa da yawa, mutanen can sun ce na yi kusa da yawa. Ku gaya min inda zan tsaya." Ya sa takalmansa ya fita wajen shanu.

Kwana shida gidan nan ya yi tsit. Jelle yana gaida Hiske, amma daga gaisuwa babu ƙari. Pei-shan ta same shi a wajen tatsa idanunta sun kumbura.

"Mu je ofis kawai a ɗaura, Pei," in ji shi. "Mutum biyu da shaidu, shi ke nan."

"Sori, Jelle, ba zan iya ba. Matar nan ƙarfe huɗu na asuba take tashi dafa romo tun ina goye. Ba zan yi aure tana juya min baya ba."

"To sai yaushe?"

"Ka yi haƙuri. Mama tana da ihu, amma tana da ido. Ka bar ta ta gani da kanta. Kai ma ka sassauta wa Mem."

"Wannan dabam."

"Ba dabam ba ne. Duk su biyun tsoro suke ji."

Madam Hong dai tikitinta na mako biyu ne, kuma ta ce ba za ta bar 'yarta a gidan yunwa ba. Ta ƙwace kicin ɗin Hiske ƙarfi da yaji. Har gidana ƙamshin tafarnuwa yake zuwa. Ranar Laraba ta tarar da Hiske tana feraye dankali tana hawaye. Ta ajiye mata kwanon taliya. Hiske ta girgiza kai. Madam Hong ta tura. Hiske ta ture. Madam Hong ta sake turawa, ta ɗora mata tsinkayen cin abinci a hannu ta tsaya a kanta kamar soja. Hiske ta ci tana sheshsheƙa, rabin taliyar a cinyarta. Ta cinye tas, ta miƙa kwanon a ƙara.

Ranar Asabar da hantsi, Madam Hong ta hango Jelle ta taga yana ɗaura bokiti da buroshi a bayan keke.

"Ina za shi?"

"Maƙabarta," in ji Pei-shan. "Wajen mahaifinsa."

"Ai ba lokacin share kabari ba ne. Sai wata na huɗu."

"Shi duk Asabar yake zuwa."

"Duk Asabar?" Madam Hong ta ajiye wuƙa. "Baffanninki sau ɗaya suke zuwa a shekara, shi ma sai an yi faɗa a kan wanda zai ɗauki fartanya!" Ta kwashi lemo uku a faranti, ta zaro turaren tsinke daga jakarta. "Ku kai ni."

Motar ba ta shiga lungun coci, don haka Hiske ta goya ta a keke. Abin kallo! Hiske doguwa kamar falwaya tana taka feda, Madam Hong a baya ta ƙanƙame ta tana ihu a kowace kwana, Pei-shan tana bin su a wani keken da faranti. Ni ina cikin maƙabartar ina ba furannin kabarin mijina ruwa, don haka abin da ya biyo baya ba labari aka ba ni ba.

Jelle yana durƙushe, ya ba su baya, yana goge dutsen Harmen yana magana kamar yadda ya saba, yana kiransa Heit, wato baba.

"Saniya mai lamba arba'in da biyu ta haihu, Heit, mace. Ciyawa ta yi kyau bana, in ba a yi ruwa ba zan yanka ranar Talata." Ya tsoma buroshi a bokiti. "Na yi wa Mem tsawa. Na san ba ka so. Amma ka san da wasiƙar? In ka sani, kai ma ina fushi da kai." Ya ci gaba da gogewa. "Sun ce ni Kuo ne, Heit. Ban san ko Kuo ɗaya ba. Ina so in ga matar da ta haife ni, ba zan ɓoye maka ba. Ina so in ga ko kunnuwan nan nata ne. Amma in na tafi Mem za ta ce na gudu, in na zauna Pei ta tafi. Kai da ba ka magana, yau dai ka ce wani abu."

Pei-shan tana raɗa wa mahaifiyarta fassarar tana share ido. Hiske ta toshe baki da gyale.

Madam Hong ta yi gyaran murya. Jelle ya zabura har ya kifar da bokiti. Ba ta kula ba, ta bi layin duwatsun tana shafa su da yatsa, tana duba yatsan. Biyar ne, duk Postma, duk suna ƙyalli.

"Tambaye shi, ya san su?"

Jelle ya nuna na farko. "Pake Douwe, kakana. Sau uku yana faɗawa kwata da tirakta, sau uku yana cewa laifin kwatar ne. Wannan Beppe Sjouk, kakata, ita ta koya min wasan zamiya a kan ƙanƙara, ta ɗaura min matashi a gindi. Wannan baffan Heit ne, bai yi aure ba, ya ce mata suna da surutu. Waccan ƙanwar Heit, tana 'yar shekara shida ta rasu. Ban gan ta ba, amma an ce tana son furen rawaya, shi ya sa nake kawowa."

Madam Hong ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ni dai abin da na sani, suna ba don ado ake sa shi ba. Don matattu su san wanda zai kula da su ne. Yaron nan ko tsinke bai taɓa kunna wa Kuo ba. Waɗannan dogayen yake yi wa hidima." Ta ɗaga yatsa. "Amma ba ni zan yanke ba. A tambayi mai gidan."

Ta jera lemo a gaban dutsen Harmen, ta kunna turare ta soke a ƙasa. Fastonmu ya leƙo ta tagar coci, ya ga hayaƙi, ya ga fuskar Madam Hong, ya ja labulensa.

"Ku ba ni kwabbai biyu."

Aka shiga laluben aljihu. Jelle katin banki, Pei-shan waya, Hiske kati. Ni ma aka tambaye ni, kati.

"Wace irin ƙasa ce wannan, ko kwabo babu?" Sai idonta ya sauka a ƙafar Jelle. "Cire!"

Pei-shan ta yi mana bayani tana jin kunya. A garinsu in ana son amsa daga mamaci, abu biyu ake jefawa. In ɗaya ya kife ɗaya ya kalli sama, ya yarda. In duka suka kife, ya ƙi. In duka suka kalli sama, dariya yake yi.

Madam Hong ta riƙe takalman katakon da hannu biyu, ta rusuna sau uku, ta yi magana da ƙarfi kamar Harmen kurma ne. "Malam Postma! Ni ce Hong daga Tainan. Ka yi haƙuri na zo ba sanarwa. Tambaya ɗaya: yaron nan ɗanka ne?"

Ta watsa su sama. Suka faɗo ƙwal-ƙwal a kan tsakuwa, ɗaya ya yi ta juyi kafin ya tsaya. Duka biyun baki sama.

"Yana dariya," in ji Pei-shan a hankali.

"Wa?" in ji Hiske. "Harmen? Dariya?" Ta dubi dutsen, ta dubi takalman. "Kusan shekara arba'in muna tare! Ranar aurenmu mai hoto ya roƙe shi ya yi murmushi, ya ce ba a biya shi don wannan ba! Sai yau da ya mutu?"

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta tsayawa. Ta riƙe ciki, ta jingina da dutsen Pake Douwe. Jelle ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Can dariyar Hiske ta juye kuka, ta zube a gwiwa a cikin ruwan bokitin.

"Ka yafe min, ɗana. Na zalunce ka, na zalunci matar nan. Harmen bai sani ba, da ya sani da ranar zai kai hoton gidan waya da kansa."

Jelle ya durƙusa da safa a cikin laka ya rungume ta. "Mem, ina za ni? Wa zai yi min faɗa a kan warin turke?"

Madam Hong ta bar su suka yi mai isarsu, sannan ta ɗaga murya. "Dole ya yi dariya! Tambayar banza na yi masa. Mutum yana wanke maka kabari duk mako, a zo ana tambayarka ko ɗanka ne?" Ta tattara takalman. "Malam Postma, yi haƙuri. To, ka yarda ɗanka Postma ya auri 'yar Kuo?"

Ta jefa, muka bi su da ido. Ɗaya ya kife, ɗaya baki sama.

Pei-shan ta yi tsalle ta rungume mahaifiyarta, sannan ta tsaya. "Mama, ba sau uku a jere ake yi ba?"

"Ke, yi min shiru!" Madam Hong ta yi maza ta miƙa wa Jelle takalmansa. "Mutanen nan sau ɗaya suke magana. Ban ga abin da ya faru da kaza ba?" Ta juya ga Hiske ta ɗaga yatsa. "Amma da sharaɗi. A amsa wasiƙar nan. Uwa ta tambayi ko ɗanta yana cin abinci, ba a barinta ba amsa."

"Ni zan rubuta," in ji Hiske tana fyace hanci. "Da hannuna. Kuma ni zan kai."

Haka aka yi. Madam Hong tana komawa gida ta shiga bincike kamar 'yar sandan ciki, ofis-ofis, kasuwa-kasuwa, har ta gano Su-lan a garin Chiayi tana sayar da abincin safe a bakin wata makaranta. Ta yi aure, tana da 'ya'ya mata biyu, kuma ta daɗe da gaya wa mijinta komai. Madam Hong ta kuma bi asalin Kuo ɗinsu har kaka na takwas, ta tabbatar ko a mafarki ba su haɗu da na mijinta ba, ta buga wa baffannin Pei-shan waya ɗaya bayan ɗaya ta wanke musu kai tun kafin su buɗe baki.

Da bazara suka tafi, ni na riƙe musu kyanwa. Pei-shan ta ba ni labarin haɗuwar. Su-lan tana ganin Jelle ta kasa motsi, ludayi a hannunta. Shi ma ya tsaya yana kallon kunnuwanta. Hiske ta zo da akwati guda cike da hotuna, tun daga haƙorin farko har tirakta ta farko, ta ajiye a gabanta ta ce, "Ɗaya kika roƙa, na hana ki. Ga su duka." Su-lan ta durƙusa za ta kai goshi ƙasa don godiya. Hiske ba ta san yadda ake amsa wannan ba, sai kawai ta sunkuce ta sama kamar buhun dusa, ƙafafunta suna lilo, su biyun suna kuka.

An yi bikin a Tainan, a rumfa a tsakiyar titi, tebur talatin. Da lokaci ya yi da ango da amarya za su miƙa wa iyaye shayi, sai Jelle ya tsaya da tire a hannu, gumi yana karyo masa. Uwa uku a jere, wa zai fara ba?

"Fara ba wadda ta haife ka," in ji Hiske.

"A'a, wadda ta yi rainonka," in ji Su-lan.

"Ni dai ku yi sauri, kifi yana hucewa!" in ji Madam Hong.

Aka yi ta tura tire dama da hagu har shayin ya yi sanyi. A ƙarshe Su-lan ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta sa a hannun Hiske, ta rufe da nata hannuwan, ba ta saki ba sai da Hiske ta sha. Sannan Jelle ya zuba wani ya durƙusa a gaban Su-lan, ya kira ta "Mama" da muryarsa ta ɗan Friesland. Wannan karon kowa ya gane abin da ya ce.

Yau Jelle da Pei-shan suna nan tsallaken hanyata, da 'yarsu mai kakanni mata uku, kowacce tana cewa ita ta ɗauko. Duk shekara suna zuwa Chiayi da Tainan, su dawo Jelle ya ƙara ƙiba.

Ni tsohuwa ce, abin da na koya a wannan lamari kaɗan ne, amma zan faɗa. Ɗa ba gona ba ce da za a kafa mata iyaka a ce daga nan zuwa nan nawa ne. Hiske ta ɓoye gaskiya don kada ta rasa ɗanta, kuma ɓoyewar ce ta kusa raba su. Ranar da ta saki hannu, ranar ya riƙe ta da kyau. Ku kuma 'yan mata, ku dubi Pei-shan. Da ta yi gaggawa da ta samu miji ta rasa uwa. Ta yi haƙurin kwana shida, ta samu mijin, ta riƙe uwarta, aka kuma ƙara mata biyu.